Dutsen da aka fasa da nakiya: abin da na koya a aikin zanen gini a Jos

A ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a ofishin zanen gine-ginen da na daɗe ina yi wa hidima a nan Jos, kuma ƙannenmu masu koyon sana'a sun nemi in rubuta musu abin da na koya. Mafi yawansa ya fito ne daga aiki guda, wato ɗakin karatu da zauren taro na wata kwaleji a bayan gari, wanda kowa a ofis ya san yadda ya ƙare.

Filin da aka ba mu gangare ne, da manyan duwatsu a tsakiyarsa, da wani kwari da ruwan sama ke bi ya zuba a tsohon kududdufin haƙar kuza. Jos tana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, ruwan damina yana zuba tun daga Afrilu har Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara, hunturu kuma yana zuwa da sanyin da Kano ba ta san irinsa ba. Saboda haka a zanena na raba ginin gida uku yana bin gangaren, na bar duwatsun a tsakar gida domin ɗalibai su zauna a kansu, na sa tagogi su fuskanci kudu da arewa, na yi bangon yamma mai kauri da dutsen wurin don ya tare zafin la'asar ya kuma riƙe ɗumi da dare. Kwarin ban taɓa shi ba, gada kawai na ɗora masa.

Shugaban ofis bai yi wa zanen duban tsanaki ba. Ya ce mai makaranta yana son gini irin na tsakiyar Abuja, mai gilashi daga sama har ƙasa, wanda iyaye za su hango daga titi. Na ce masa, "Yallabai, ruwan nan yana da hanyarsa tun kafin mu zo, idan muka toshe ta zai nemi wata, kuma harsashinmu zai bi." Ya amsa da cewa, "Malam, dutse ba ya kawo ɗalibai." Cikin ɗan lokaci aka fasa duwatsun da nakiya, katafila ta cike kwarin da ɓaraguzansu, aka baje filin, aka tayar da dogon gini mai fuskantar yamma. Damina ta biyu ba ta wuce ba sai da ruwa ya zauna a gindin harsashi, bangon zauren ya tsage, littattafan da ke hawan ƙasa suka yi fumfuna. Da la'asar kuwa ba a iya zama kusa da gilashin sai an kunna janareta domin na'urar sanyaya ɗaki, a garin da ake kwana da bargo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne taron da aka yi da hukumar makarantar, inda shugaban ofishinmu ya ce ƙananan ma'aikata ne ba su auna filin yadda ya kamata ba, alhali takardar da na rubuta masa kan hanyar ruwa tana cikin fayil da sa hannunsa. Ban fito da ita ba, domin ba tarbiyyarmu ba ce a kunyata babba a bainar jama'a, amma na san abin da ke cikinta, shi ma ya sani.

Abin takaici shi ne ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda ake yi. A harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai gidan adana gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Polan, ya tsara, inda aka sake gina sashen ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu na ƙarni na 19. Wanda ya shiga ciki da tsakar rana zai ji da jikinsa abin da bango mai kauri da ƙananan tagogi ke yi. A zamaninmu kuma Francis Kéré ya kammala makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska mai zafi ta fita, har ya sami kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. A Dandaji ta Nijar, garin Hausawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da jar ƙasar wurin. Duk wannan na nuna wa shugabanmu, ya ce ginin talauci ne.

Sauran darussan gajeru ne. A taka fili da ƙafa a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, kafin a yarda da taswirar safiyo. A tambayi manoman da ke kewaye, waɗanda shingayensu na ƙerana kan nuna inda ƙasa ke zaizayewa. A saurari birkila da masu fasa dutse, domin sun riga injiniya sanin inda dutse yake a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shawara a rubuta ta, a karɓi sa hannu.

Aikin ɗakunan kwanan ɗalibai zai fara a gefen gabas na filin, inda har yanzu akwai duwatsu da kwari na biyu. Na bar taswirar hanyoyin ruwan wurin a fayil ɗin aikin, kuma ina roƙon wanda zai gaje ni ya kai ta gaban mai makaranta da hannunsa kafin katafila ta shiga.