Wai gild namu ne, amma ƙuri'a ta masu tokin ce

Jiya a bes ɗinmu na Aboabo muna shan ataya wani ƙanina ya zo yana ta zumuɗi wai an saka shi cikin wani gild, wato ƙungiyar 'yan wasa, na wasan bulokchen, irin wasan intanet ɗin nan da ake samun kuɗin kirifto a ciki, wai su da kansu ne masu mulkin abun, babu oga babu yaro. Na yi dariya har ataya ta sarƙe ni, don wannan maganar da bakina na faɗe ta ma mutane a 2021.

Lokacin Axie Infinity ne ke tashe, wasan kamfanin Sky Mavis na Biyetnam. A lokacin kafin ka fara sai kana da dabbobin cikin wasan guda uku, kuma kuɗinsu ya kai ɗaruruwan daloli, toh ina ɗan zango da ke fama da kuɗin data zai samu? Nan gild ya shigo. Su saya, su ba ka aro, kai sunanka sikola, ka yi ta wasa kana tara SLP, kuɗin kirifto da wasan ke biya da shi, a raba. Babban gild na Filifin, YGG, rabonsa a lokacin kashi 70 na sikola, 20 na manaja, 10 na ƙungiya. Wanda ni na shiga ƙarami ne, ba zan kira suna ba, rabi da rabi muke yi kuma har godiya muke, ni kam ko an ɗauke wuta sai na nemo inda zan yi caji don kar manaja ya ga ban cika aikin ranar ba.

Da na yi ma kawuna bayani, shi da ya daɗe yana ba yara pragya, keke mai ƙafa uku, a tsarin wok an pe (ka yi aiki kana biya har ya zama naka), sai ya ce "ɗana, bayan shekara nawa dabbar za ta zama taka?" Na ce Kawu ba ta zama tawa ai. Ya ce toh ba wok an pe ba ne, ƙodago ne, yarana in sun gama biya takardun keke nake miƙa musu. Na ji haushi ranar wlh, na ce a raina tsoho bai gane zamani ba.

Inda abun ya fara min ciwo shi ne maganar zaɓe. Ana ce ma tsarin DAO, wai duk shawara sai an jefa ƙuri'a, kuma gaskiya ana jefawa, kowa na gani, ba a sace akwati. Amma ba kan mutum ake ƙirgawa ba, tokin, wato kuɗin kirifto na gild ɗin, ake ƙirgawa. Mai tokin dubu ɗari muryarsa dubu ɗari, mu kuma da muke kwana muna danna waya galibi ba mu riƙe komai, don duk abin da ya shigo nan take muke canzawa ya faɗo MoMo a sayi waakye da data. Da farashin SLP ya rushe, daga sama da senti 30 a tsakiyar 2021 zuwa ƙasa da senti 1 a 2022, sai aka kawo shawarar rage sikololi, muka cika Discord, manhajar da muke hira, da surutu kwana da kwanaki, masu roƙo na yi masu zagi na yi, ranar ƙuri'a walet, wato asusun ajiye tokin, kaɗan suka danna magana ta ƙare. Da safe na tashi an rufe min hanyar shiga wasan, ko sallama babu.

Kuma manyan ma haka suke tsakaninsu. A 2022 ɗin masu tokin na Merit Circle, wani babban gild, suka jefa ƙuri'a wai a mayar ma YGG da dala 175,000 da ya zuba tun farko a sallame shi, duk da akwai yarjejeniya, daga ƙarshe aka sasanta a kan dala miliyan 1.75. A Maris na shekarar kuma aka kwashe sama da dala miliyan 600 daga Ronin, hanyar da kuɗin Axie ke bi, saboda makullai 9 ne kacal ke gadin wurin, ɓarayi suka samu 5. Mu "al'umma" a labarai muka ji kamar kowa.

Ni abin da ke ban mamaki, mu da muka tashi muna ganin adashin iyayenmu mata a Asawase da Sabon Zongo, yaya aka yi muka ruɗu? Uwar adashi an san ƙofar gidanta, an san masallacin mijinta, in ta yi wasa da kuɗi maganar za ta kai gaban liman ko sarkin unguwa kafin la'asar. Kuma mai zubi biyu ba ta fi mai zubi ɗaya baki a wurin taro ba. Manajana kuwa hoton biri ne a furofayil ɗinsa, har yau ban san ko a Manila yake ko a Legas ba.

Ban ce wasan haram ba ne ko kar a yi, ni ma na ci kuɗinsa, wayar da nake rubutun nan da ita daga can ta fito. Ƙanin nawa dai na ce ya buɗe min shafin zaɓen nasu mu duba shawara ta ƙarshe, walet nawa suka jefa kuma na saman nawa yake riƙe da shi. Ya yi ta lalube bai ma san inda shafin yake ba, ya ce bari ya tambayi manaja. Har muka sha zagaye na uku manaja bai amsa ba.