Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren Kamun Autarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan satin mun tsaya inda likita ta miƙo min takardar gwaji an rubuta HSV-2, tace ciwon hapis ne mai fito da ƙuraje a gaba, ba sanyi ba kamar yadda na ɗauka.

Shekara biyu fa cur ina zama cikin ruwan bagaruwa, ina shan antibayotik ɗin nan Ampiclox daga kemis ɗin bakin layinmu, ƙurajen su bushe nace Alhamdulillah an rabu, bayan wata biyu sai gasu sun dawo wuri ɗaya. Ashe ko ban sha komai ba da kansu suke bushewa. Likitar ta juya bayan katina ta zana min, tace ƙwayar cutar kwanciya take a jijiyoyin ƙasan gadon baya ta yi lamo, in jiki ya galabaita ko zazzaɓi ya kama ko al'ada ta zo, sai ta biyo jijiya ta fito kan fata, kuma antibayotik ba ya taɓa ta sam.

"Hajiya ba zan ɓoye miki ba, har yau ba a samu maganin da ke fitar da ita gaba ɗaya ba. Amma akwai mai karya mata lago, in dai kin sha shi da wuri."

Ta rubuta min Aciclovir 400mg, sau uku a rana, kwana 5, tace in saya in ajiye tun ina lafiya lau. Kar in jira ƙuraje su fito, da na ji alama a ranar zan fara, in kuma dinga shan ruwa sosai saboda ƙoda.

Alamar kuwa na santa, kawai ban taɓa ba ta muhimmanci bane. Wani tsitstsira ne kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fata, da ɗan zugi da ke saukowa bayan cinyata ta hagu.

Ranar kamun autarmu ciwon ya zo min. Kwana uku ba barcin kirki, ga girki ga baƙi daga Zariya, ina tsugune ina ƙulla alkaki a leda sai naji tsit ɗin nan. Gabana ya faɗi ras. Maganin yana cikin jakata a ɗakin Umma, na naɗe shi a tsohon ɗankwali dan kar wani ya gani, ɗakin kuma maƙil da gwaggonni. Wallahi sai da na yi kusan awa ɗaya ina kai kawo a tsakar gida ina jin kunya, daga ƙarshe na shiga nace carbina nake nema, na ɗauko na haɗiye a bayan randa.

Washegari ɗan ja ne kawai da ƙuraje biyu ƙanana, ba irin na da ba da in zanyi fitsari sai na ciji mayafi. Na yi rawa a wurin yinin, na raka amarya ɗakinta da ƙafata, cikin kwana huɗu ya lafa. A daren na yi kuka sosai, ina tuna shekarun da na sha wuya ni kaɗai.

Amma bai daina dawowa ba, a shekarar sau shida na ƙirga a kalandar kicin. Da na koma asibiti ta maida ni kan na kullum, 400mg safe da dare, tace ko ba ƙuraje ana iya ɗauka, maganin da kwaroron roba rage hatsarin suke ba kawar da shi ba, in kuma sun fito a haƙura da kwanciya har su warke tas. Sannan ta kalle ni tace, "Maigidan ya sani?"

Na sunkuyar da kai. Ban gaya mata ba a ranar al'adata ma ta wuce da kwana goma sha biyu.

Mu haɗu sati mai zuwa in Allah ya kaimu, zan faɗa muku yadda muka yi da shi.