Mako na uku: rage gudun fankar inbata

'Yan uwa masu koyo, a wannan makon na koma kan ƙaramar fankar nan mai bolt 12 da na sayo a kasuwar Panteka na ɗaura wa inbatar ɗakina (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida). Ƙugin da fankar take yi cikin dare ya hana mai ɗakina barci.

Kafin in taɓa waya, sai da na kwance ta na duba, na tarar ƙurar hunturu ta daskare a fukafukanta har sun yi nauyi ta gefe guda. Na goge su da tsohon buroshin haƙori, na ɗaga takardar da ke manne a bayanta, na ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya tak a kan sandar da take juyawa, sannan na sa guntayen robar tsohon tif tsakaninta da jikin akwatin inbatar. Da wannan kaɗai ƙarar ta ragu sosai, domin ashe ƙarfen akwatin ne yake amsa girgizar kamar ganga.

Daga nan na shiga batun rage mata wuta. A jikinta an rubuta amfiya 0.15, wato idan aka raba 12 da wannan adadi, fankar tana daidai da om 80 (om shi ne ma'aunin tauye wuta). Na jona rizista, wato 'yar na'urar da ke rage wuta, mai om 56 a kan jar wayar, mita ta nuna mini kusan bolt 7, ƙugin kuma ya koma huci. Kuskuren da na yi shi ne amfani da rizista mai kwatan wat, alhali zafin da take sha ya haura wat 0.4, ba a jima ba ta fara ƙauri, fentinta ya yi baƙi. Na canza ta da mai wat 2.

Na gwada sauka zuwa bolt 5, kuma a nan nake jan kunnenku. Fankar tana cikin juyi ba ta tsaya ba, amma da na kashe na sake kunnawa sai ta yi ta rawa a wuri guda har sai da na tura ta da yatsa. Fankar da za ta ƙi tashi bayan an ɗauke wuta an maido, a ganina haɗari ce ga inbatar, don haka na tsaya a 7.

Abin da ya rage shi ne gwajin zafin Maris da Afrilu. Idan zafin ƙarfen da ke sanyaya inbatar ya fi ƙarfin tafin hannuna, zan sauya fankar da mai faɗin milimita 120, wadda take tura iska mai yawa ko da tana juyawa a hankali.