Taɓon da aka fesa wa koren fenti

Daren jiya na sake kallon Carry On Camping, fim ɗin 1969, ɗaya daga cikin jerin finafinan barkwanci na Birtaniya da ake kira Carry On. Na yi dariya, amma dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro, domin yanzu na san yadda aka ɗauke shi.

Labarin na hutun lokacin zafi ne, amma a Oktoba da Nuwamba na 1968 aka yi aikin, a lambun sitidiyon Pinewood da ke wajen Landan. Ruwa ya mai da filin taɓo, sai aka fesa masa koren fenti don ya yi kama da ciyawa. Barbara Windsor da sauran 'yan matan suna tsaye a ciki da tufafi marasa kauri, sanyi na ratsa su har ƙashi, da an kunna kamara kuma dole su washe baki kamar rana ce ke dukansu.

Wahalar aiki ba ita ta fi ci mini rai ba. Kowace sana'a da tata. Ladan ne.

Kenneth Williams, wanda ya fito a 26 daga cikin finafinan Carry On guda 31, fam 5,000 ake ba shi kan kowane fim, shekara da shekaru kuɗin bai motsa ba alhali tsadar rayuwa na ta hauhawa a Birtaniya. Matan kuwa rabin haka suke karɓa. Joan Sims, wadda ni a wurina babu kamarta a cikinsu, ta yi finafinai 24, kuma fam 2,500 ne abin da aka san ana biyan ta. Kusan mako shida ake yi a gama fim, a sallami kowa. Furodusa Peter Rogers ya tsaya kan cewa sunan Carry On ne ke jan 'yan kallo, don haka babu ɗan wasan da ba za a iya maye gurbinsa ba. Charles Hawtrey ya ga zahiri a 1972: ya ja da su kan inda za a sa sunansa, daga nan ba a sake kiran sa ba.

Kuma kada a ce kuɗin ne babu. Da aka ɗauko Phil Silvers daga Amurka don Follow That Camel a 1967, fam 30,000 aka danƙa masa, ninki shida na abin da Williams ke samu. Haka aka yi wa 'yar wasan Jamus Elke Sommer a 1975. Baƙo ya ci tsoka, 'yan gida suka tashi da ƙashi.

Daga baya talabijin ta yi ta maimaita finafinan, aka yayyanka su aka haɗa sababbin shirye-shirye, aka sayar a kaset. Kwantiragin 'yan wasan na biya sau ɗaya ne, babu kaso a ciki. Joan Sims ta rayu har 2001, tana ganin fuskarta a talabijin shekara bayan shekara, ko sisi bai shiga hannunta daga wannan maimaicin ba.