Madacina da ke bushewa ta kai: inda aka kwana a Agusta

'Yan uwa masu koyon renon bishiya, kwana biyu. Madacin nan 40 da na shuka a leda bara, waɗanda nake ta yi muku alfahari da su, bakwai sun tsorata ni a watan nan. Kan tohon ne ya fara lanƙwasa, ganyen ya ƙone ya koma ruwan ƙasa amma bai zube ba, sannan bushewar ta riƙa gangarowa ƙasa a hankali. Kuka da ɗorawa da ke gefe ko a jikinsu.

Da farko na ɗauka tsutsa ce, domin madaci yana da tsohuwar abokiyar gaba, wata tsutsa da masana ke kira Hypsipyla robusta, mai huda sabon toho ta cinye cikinsa. Har na kama hanyar kasuwa neman maganin ƙwari, sai na ce bari dai in tsaga in gani. Biyu daga ciki kuwa ita ce: rami a tsakiyar karan, da ɗan gari kamar dusa a bakin hujin. Sauran biyar babu rami, babu gari. Cikin itacen ne ya yi zane-zane masu duhu, ɓawon ya yi baƙi, kuma da na duba da gilashin ƙara girma na ga ƙananan ɗigo baƙaƙe sun fito a jikinsa. Wannan aikin funfuna ne. Wadda nake zargi ita ce Lasiodiplodia theobromae, mai busar da rassan mangwaro da koko a ƙasashe masu zafi. Halinta shi ne ta laɓe cikin itace lafiyayye, ko ta shiga ta wurin rauni, sai bishiya ta galabaita sannan ta nuna kanta.

Laifina ne, ba na kowa ba. A Afrilu na yi tafiya suka sha ƙishirwa kusan mako biyu. Da damina ta kankama kuma na bi su ina rage rassa da wuƙa ɗaya, daga wannan zuwa wancan, ban ko goge ta ba, ga ledojin a cunkushe iska ba ta ratsawa. Ni da hannuna na yi wa funfunar rakiya.

Abin da na yi: na yanke kowane toho har ƙasa da inda duhun ya ƙare, sai da na ga farin itace tas, na ƙara kamar faɗin tafin hannu. Bayan kowane yanka na tsoma wuƙar a ruwan bilic. Yankakkun na ƙona su, ban zuba a ramin taki ba. Na ware ledojin, na daina watsa ruwa a kan ganye, sannan na fesa maganin funfuna mai sinadarin jan ƙarfe. Ku sani feshin kariya ce ga masu lafiya, ba ya tayar da karan da ya riga ya mutu.

Yau kwana 18. Cikin biyar ɗin masu funfuna, huɗu sun fitar da sabon toho a ƙasan yankan, ɗaya duhun ya kai gindi, na tumɓuke shi na ƙona. Damuwata yanzu su huɗun sun yi rassa biyu-biyu, madaci kuma da miƙewa ake son sa. Zan jira ruwa ya ɗauke kafin in zaɓi wanda zan bari.