Inji biyu a jirgi mai saukar ungulu, da iyakar abin da na biyun zai iya

Jiragen da sojoji ke jigilar dakaru, kaya da masu rauni da su, irin su Mi-17 na Rasha, Black Hawk na Amurka da Bell 412, duk inji biyu gare su. Jama'a kan ɗauka in ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe jirgin. Haka ne, amma da sharaɗi.

Injinan biyu giyabos ɗaya suke zuba wa ƙarfi, shi kuma ya juya babbar farfela da ta wutsiya. Tsakanin kowane inji da giyabos akwai kuloci mai kamawa ta gefe guda, kamar tayar keke da ke ci gaba da gudu ko an daina taka feda. Inji na mutuwa sai kulocin ya sake shi, don kada ya ja wa farfela birki. Wanda ya rage yana da ƙarfin gaggawa, amma na ɗan lokaci ne, a wasu jiragen minti 2 da rabi. In an taɓa shi, dole a rubuta, makanikai su duba.

Yanzu kawo jirgin zuwa Kano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Iska ta yi shara-shara, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji kuma nan da nan ya kai iyakar zafinsa. Nauyin da inji ɗaya zai riƙe da asuba, da azahar ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa kafin tashi matuƙi ke lissafa zafi, tudun wurin da nauyi, ya rage kaya ko mai. Wanda ya tsallake wannan lissafi, wallahi da rayukan mutane yake wasa.

Hunturu kuwa ƙura ce. Tana cinye bakin ƙananan fukafukan da ke matse iska cikin inji, ƙarfi ya riƙa raguwa a hankali. Dubi goshin Mi-17, za ka ga murfi biyu kamar ƙwarya a kife a bakin injinan. Aikinsu kenan, tare ƙura, kodayake su ma suna cin ɗan ƙarfi in an kunna su.

Sai mai. Daga tankar mai ɗaya aka zuba wa jirgin shi, don haka in da ruwa a ciki, injinan biyu ne za su shaƙe. Kowace safiya a tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki a kwalba mai haske, a ɗaga a duba. Ruwa ya fi mai nauyi, a gindin kwalbar zai kwanta.