Mahaɗin da na ƙera da hannuna

Daren jiya, bayan makonni uku ina fama, hoton wasa ya bayyana a talabijin ɗin shagona da ke kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi. Allon lantarki ne na cikin tsohon injin wasa, irin wanda ake jefa wa kwabo, wani dattijo ya ba ni bayan akwatinsa ya ruɓe, ni kuma na ƙudura sai na ƙera masa mahaɗi da kaina, wato farantin da zai haɗa shi da wuta da talabijin da maɓallai.

Allon yana bin tsarin JAMMA, wanda masu ƙera injinan wasa na Japan suka fitar a 1985. Bakinsa yana da haƙora 56, wato 28 a kowane gefe, kuma ta nan wuta da hoto da sauti da maɓallai suke wucewa. Na zana hanyoyin wutar a manhajar KiCad, na buga zanen a takarda mai sheƙi, na manna shi a farantin jan ƙarfe da dutsen guga, sannan na tsoma shi cikin sinadarin da ke cinye duk inda tawada ba ta rufe ba.

Farantin farko bai yi ba, domin na sirantar da layin wuta mai ƙarfin bolt 5, alhali shi ne ke ciyar da kusan dukkan allon, sai wasan ya riƙa mutuwa yana tashi. A na biyu na faɗaɗa layin sosai, na kuma ƙara fis. Hoton kuwa sai da na samo talabijin mai ƙeya ta gwanjo, wadda ke da ramin SCART, wato ramin da ke karɓar irin hoton da allon ke fitarwa. Yanzu saura sandar sarrafawa ta ɗan wasa na biyu.